Talata: na wuni ina karanta abin da aka rubuta wa wakilin AI

Hazo ya rufe Katsina tun asuba. Na isa ofis wajen Ƙofar Ƙaura ƙarfe tara saura, na tarar abokin aikina ya turo min fayil ɗin bayanan kayan aikin da wakilin AI zai yi amfani da su, wanda zan duba kafin mu miƙa wa Alhaji aikinsa ranar Juma'a.

Alhaji mai sarin shinkafa, sukari da man gyaɗa ne a Babbar Kasuwa, kuma rabin cinikinsa bashi ne. 'Yan tireda daga Batagarawa, Rimi, Kaita har Jibiya su ɗauki kaya, su riƙa biya kaɗan-kaɗan. Littafin bashin ya koma kwamfuta tuni. Yanzu yana so a ɗora masa wakilin AI, wato manhaja mai fahimtar magana da aiwatar da umarni, da yaran shago za su riƙa yi wa magana, ya buɗe wa sabon kwastoma asusu, ya shigar da biya, ya faɗi saura nawa. Wakilin ba ya shiga asusun kai tsaye. Ƙananan kayan aiki muke ba shi, kowanne da aikinsa guda, shi kuma ya zaɓi wanda zai kira. Tsarin MCP muke bi, wato tsarin haɗa wakilin AI da irin waɗannan kayan aiki, wanda kamfanin AI na Anthropic ya fitar a Nuwamba 2024, kamfanin OpenAI ma ya karɓe shi a Maris 2025. Shi wakilin nan ba ya ganin cikin manhajar littafin bashin ko kaɗan. Sunan kayan aikin yake gani, da 'yan layukan bayaninsa, da guraben da zai cike. Da waɗannan kaɗai yake yanke shawara a kan kuɗin mutane.

Kayan aiki na farko da na buɗe, bayaninsa kalmomi uku ne: "Yana sabunta asusu." Shi ke nan. Sabunta me? Suna, lambar waya, ko iyakar bashin da aka yarda mutum ya ci? Da na leƙa cikin manhajar sai na ga abin ya fi haka muni: duk gurbin da ba a cike ba, shafe shi take yi. Wato yaron shago ya ce a canza lambar wayar mai tireda, wakilin ya tura lambar kaɗai, adireshin mutum da sunan wanda ya tsaya masa su ɓace. Wanda ya rubuta manhajar ya san da wannan, shi ya sa bai ga dalilin rubutawa ba.

Akwai kuma gurbin da aka sa wa suna "lamba" kurum. A ƙasar nan BVN lamba 11 ce, NIN 11, lambar waya ma 11, ta asusun banki ce kaɗai 10. Wakilin da aka miƙa wa lambobi 11 ba tare da bayani ba, caca zai yi.

Kayan aikin da ya fi ɗaga min hankali shi ne na shigar da biya. Manhajar da kwabo take lissafi, kamar yadda wasu kamfanonin biyan kuɗi ta intanet suke yi don kauce wa ɗigon lissafi, amma bayanin ya ce "adadin kuɗi" ya yi shiru. Na gwada a asusun gwaji: na ce wane ya biya naira 50,000. Wakilin ya tura 50000, littafi ya rubuta naira 500. Da a shago ne, da an yi rantsuwa da Alƙur'ani tsakanin mutanen da suka shekara ashirin suna hulɗa, alhali babu wanda ya ci ko sisi. Bayanin bai kuma faɗi abin da zai faru in an kira shi sau biyu ba. Ga sabis ɗin kasuwa yadda yake, saƙo ya maƙale, wakilin ya sake turawa, biya ɗaya ya zama biyu.

Bayan Azahar muka ɗan yi musu da abokin aikina. Shi yana ganin dogon bayani asara ce, tunda ana tura shi ga wakilin a kowace hira kuma a kan yawan rubutu ake cajin mu. Gaskiyarsa ce, ban musa ba. Amma ni abu huɗu nake nema a kowane bayani: me yake yi, yaushe ba a amfani da shi, me kowane gurbi yake ɗauka, kuma ana iya warware abin da ya yi ko ba a iya wa. Wannan bai wuce layi biyar ba. Kamar aiken yaro ne wurin mai nama: in ba ka ce na nawa ba, na miya ko na tsire, kada ka yi faɗa da abin da ya kawo.

Tun gyaran da aka yi wa MCP a Maris 2025 akwai alamomin da ake liƙa wa kayan aiki, cewa wannan karatu kawai yake yi, wancan yana iya lalata bayanai. Na sa an liƙa su duka. Sai dai ƙa'idar da kanta ta ce nuni ne kawai, ba kariya ba ce, don haka tambayar "ka tabbata?" dole ta zauna a cikin manhajar. Na kuma karanta bayanin kayan aikin tura saƙon tes da muka ɗauko daga intanet, harafi-harafi, domin a Afrilu 2025 masu bincike na kamfanin tsaron AI mai suna Invariant Labs sun nuna ana iya ɓoye umarni a cikin irin wannan bayani, wakilin ya bi, mai amfani bai gani ba. Namu lafiya lau.

Da La'asar Alhaji ya biyo. Na nuna masa biyu da bayaninsu ya kusa zama ɗaya, na dakatar da asusu da na goge shi. Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Yaro, in ya goge min bashin mutum, wa zan kama?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, za mu sa ya riƙa tambaya tukuna."

"A'a. Cire masa shi gaba ɗaya. Ni ko a littafin takarda ban taɓa yaga shafi ba, layi nake ja."

Muka cire. Saura na mayar da kuɗi da na haɗe asusu biyu, sai gobe in Allah ya kai mu, in an kawo wuta da wuri.