Fashin rana ɗaya a mako

Yaron da ranar kasuwa kaɗai yake ƙin zuwa makaranta, ko iyayensa ba sa kiransa mai fashi. To amma zango ɗaya kusan mako 13 ne, shekara kuma zango uku ce. Ke nan ya rasa kwana 39, wajen mako 8 na karatu. Ɓarnar ma ta wuce yawan kwanakin, domin darasin firamare a sarƙe yake. Wanda ba ya nan ranar da aka koyar da aro a ɗebewa, in an shiga rabawa sai dai ya zura wa allo ido. A ce masa daƙiƙi, alhali mataki ɗaya ne ya kuɓuce masa.

Rajistar kiran suna ce ke tona asiri, in an duba ta da kyau. Kada malami ya tsaya ga jimillar ƙarshen zango; ya dubi ranakun da aka yi fashin. In rana ɗaya ce take maimaituwa, kasuwa ce ko talla. In a jere suke a damina, gona ce ko zazzaɓin cizon sauro. In kuwa yarinya ce 'yar aji biyar ko shida, kwana uku ko huɗu duk wata, to a je a leƙa ban-ɗakin makarantar: yana da ƙofa? Akwai ruwa da buta? Wannan abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin gyaransa bai kai kuɗin fentin bango ba.

A kira suna sau biyu, da safe da bayan tara. Inda babu rijiya ko famfo, yara kan tafi gida shan ruwa lokacin tara, da yawa sai gobe.

Shi kansa ajin yana korar yara. Manufar ilimi ta Najeriya ta ce malami ɗaya ga ɗalibi 35 a firamare. In suka ninka haka, a zaune a ƙasa, kwano na yoyo, allo ya koɗe, na baya ba ya ji ba ya gani, kuma ran da bai zo ba babu mai cigiyarsa.

Yaro ya yi kwana uku ba a gan shi ba, kada a jira shi da bulala a bakin ƙofa, bulala sai ta ƙara masa kwana. A tura ɗan kwamitin makaranta gidansu a ji dalili, in ya dawo kuma a ware masa minti 15 a maimaita masa abin da ya wuce shi.