Godiya Bayan Kwana Uku A Kan Allon Eshek

Alhamdulillahi, mun tashi lafiya daga zaman da muka yi a Sabon Gari, Juma'a zuwa Lahadi, muna koyon kai hari a wasan eshek, darar Turawa.

Godiya ta farko ga Malam, wanda ya riƙa zuwa daga Tibiri kullum a kan babur, ko kuɗin mai bai karɓa ba. Malam, Allah shi saka da alheri. Da ma mu abin da muka sani shi ne a ci kayan abokin wasa, a tara kamar gyaɗa. Sai ya jera muna wasan Paul Morphy na 1858 a gidan opera na Faris. Tafiya 17 kacal! Ya nuna mana yadda Morphy ya fara fito da dokinsa da sauran manyan kayansa fili, alhali na abokan karawarsa suna cushe a gida, sannan ya ba da sarauniya kyauta, hasumiya ta rufe sarki. Sau uku yana maimaita shi, yana tambaya: "Wa ke barci a nan?" Muka riƙa ƙirga kayan da ba su motsa ba.

Ran Asabar ya kawo na Anderssen da Kieseritzky, Landan 1851. Hasumiya biyu, da ɗan nan da Faransawa ke kira mahaukaci, da sarauniya, duk Anderssen ya zubar, ya kashe wasa a tafiya ta 23 da doki biyu da mahaukaci ɗaya. Ni dai na fi son na Morphy. Na Anderssen ya sa yaranmu sun fara jefar da sarauniya ba dalili, sai da Malam ya ja kunne.

Mun gode wa Hajiya da ta aiko da fura, da mai shayin bakin titi da ya ara mana benci. Wuta ta ɗauke daren Asabar, samari suka haska allo da salula, hannuwansu suka gaji ba su sauke ba. Soja guda ya ɓace, marfin kwalba ya tsaya a madadinsa har ƙarshe.

Kai kuma ɗana ɗan shekara 12 da ka miƙo mani doki, na haɗiye da murna, bayan tafiya huɗu na ga sarkina ba mafita: na yafe dariyar da aka yi mani. Juma'a mai zuwa bayan La'asar ina jiran ka.