Zulhijja Biyu a Bangon Alƙur'anin Gidanmu

Yau da hantsi Baffa ya buɗe gafakar da ya gada, ya fito da tsohon Alƙur'anin gidanmu, ya nuna mini rubutun ajami a ganyen ƙarshe, wanda tawadarsa ta koɗe har ta yi ja. An rubuta cewa an haifi kakan mahaifinmu a watan Zulhijja na shekarar 1320, watan da Nasara suka shigo Sakkwato. Da na juya lissafin sai ya faɗa a Maris na 1903, lokacin yaƙin Giginya, sa'ad da Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas.

Abin da ya sa jikina ya yi sanyi shi ne, ni da aka raɗa wa sunansa an haife ni a Zulhijja 1420, shi ma Maris ne, na 2000. Shekara ɗari cif a lissafin Hijira, amma casa'in da bakwai a na Miladiyya, domin shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana goma sha ɗaya. Tun ɗazu nake tunanin mahaifiyarsa, tana jego a tsakiyar wannan firgici.