Wata Guda Ban Taɓa Tsofaffin Kaset Ɗina Ba

A 1986 yayana ya dawo Zariya daga karatu a Ingila da jaka cike da kaset. Ina ɗan sakandare lokacin. A gidanmu Shata ake ji da Ɗanƙwairo, kuma har gobe ina son su, amma daren da ya saka min Led Zeppelin, ƙungiyar kiɗan rock ta Ingila, a rakodarsa, na ji dukan gangar John Bonham har cikin ƙirjina, sai da na roƙe shi ya mayar da kaset ɗin baya sau uku. Daga nan na san Black Sabbath da Deep Purple da gwanin jita Jimi Hendrix. Shekara kusan arba'in ina kan magana ɗaya: kiɗan rock ya mutu a 1980, shekarar da Bonham ya rasu Led Zeppelin suka watse. Nirvana kaɗai na ɗaga wa ƙafa, su ma da ƙyar.

Ranar 5 ga Yuli 2025 Black Sabbath suka yi wasan bankwana a garinsu Birmingham, ranar 22 ga watan kuma mawaƙinsu Ozzy Osbourne ya mutu. Abin ya taɓa ni ƙwarai, don yayan nawa ma ya riga mu gidan gaskiya. Na ce wa ɗansa, wanda ya gaji kunnen ubansa, shi ke nan an gama. Sai ya ce, "Baffa, yaushe rabonka da ka zauna ka ji wata sabuwar ƙungiya daga farkon faifai har ƙarshe?" Na rasa amsa. Muka yi alkawari: wata guda ba zan ji tsohon kiɗa ba, sai abin da ya turo min.

Ya fara da Greta Van Fleet, yaran jihar Michigan da suka kafa ƙungiyarsu a 2012, uku daga cikinsu 'yan gida ɗaya. Ya ɗauka su zan fi so, tunda muryar mawaƙinsu kamar an tsaga kara da ta Robert Plant, mawaƙin Led Zeppelin. Sun iya kiɗa, ban hana su ba. Amma ji na yi kamar na ga baƙo sanye da babbar rigar yayana. Na fara zargin su da kwaikwayo, sai na tuna su kansu Led Zeppelin daga kiɗan blues na baƙaƙen fatan Amurka suka ɗebo, har mawaƙin blues Willie Dixon ya kai su kotu a 1985. Laifin da na yafe wa gwanayena ne nake riƙe wa yaran nan.

A mako na biyu na gano wani kuskuren nawa. Tsofaffin kaset a zaune nake jin su, da manyan lasifika, fuska guda cur ba tsallake. Sababbin kuwa a bakin waya nake jin su, ina tuƙi ko ina duba saƙo, minti ɗaya na wuce gaba. Ta yaya za su yi kunnen doki? Na haɗa wayar da lasifikar falo, na riƙa zama bayan isha'i. A haka The Black Keys suka shiga raina, mutum biyu daga Ohio, jita da ganga. Måneskin na Italiya kuwa ba su shiga raina ba ko a zaune.

Wanda ya karya min gardama ba daga Turai ya zo ba. Mdou Moctar ne, Buzu ɗan Nijar. Na daɗe da sanin jitar Agadas, amma kiɗan biki na ɗauke ta, ban taɓa ajiye ta gefen Hendrix ba. Da na ji yadda yake gudu a kan tsirkiya, mai ganga na ƙara wuta a bayansa har kiɗan ya yi kamar zai tsinke, tsigar jikina ta tashi irin ta daren nan na 1986. Da Tamashek yake waƙa, ba na jin ko kalma, amma Turancin Robert Plant ma ba ji nake ba ina yaro. Bahago ne, kamar Hendrix, kamar Tony Iommi na Black Sabbath. Jitar Mdou ta farko da katako ya haɗa ta da wayar birkin keke. Iommi kuwa injin masana'anta ne ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17, ya ƙera musu hulunan roba ya ci gaba da kaɗawa. Wannan naci nake ji a tsofaffin, na ɗauka zamaninsu ne ya ba su.

Da watan ya cika na fito da jakar tsofaffin kaset ɗin. Har yanzu su na fi so, kuma yanzu na san rabin son nan na yayana ne da ɗakinsa da ƙuruciyata. Na saka wa yaron kaset ɗin Black Sabbath mai rubutun hannun ubansa a jiki. Ya juya shi ya karanta, ya ce, "Baffa, a bar min wannan." Na ba shi, shi kuma ya tura min Bombino, wani makaɗin jitar Buzu ɗan Nijar.