Garejin da Muka Gina a Kan Tsohon Kududdufi

A farkon shekarar 2023 aka ɗora mini alhakin kula da ginin sabon wurin gyara da ajiyar kayan aiki na sashen kula da lambuna na birninmu, domin tankar ban-ruwa da injinan yankan ciyawa su daina kwana a fili cikin rana da ƙura. Tsarin ba mai wahala ba ne: gareji mai ɗaukar motoci uku, sito, ofis ɗaya, da ramin da kanikawa za su riƙa shiga su duba ƙarƙashin mota.

Ranar da muka je auna fili, a watan Maris, wani dattijo mai ban-ruwan dashe ya ajiye butarsa ya ce mini, "Injiniya, nan fa da kududdufi ne, a cikinsa muka koyi iyo muna yara." Na amsa masa da cewa, "Baba, ai an daɗe da cike shi." Ƙasar ta bushe ƙarau, da ƙyar diga take shiga, kuma ɗan kwangila yana gaggawar a zuba harsashi kafin saukar damina, saboda haka na yarda a tsallake awon ƙasa, wato gwajin da ake yi don a san ko ƙasar za ta ɗauki gini, na mayar da kuɗin kan ƙofofin ƙarfe. Da hannuna na sa hannu a takardar.

Duk wanda ya san tsofaffin biranenmu, irin su Kano da Zariya da Katsina, ya san cewa ramukan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu su ne suka zama kududdufai, kuma da yawa daga cikinsu da shara aka cike su, aka watsa jar ƙasa a sama. Ni ma na san wannan, abin da har yau yake ci mini rai ke nan. Shara tana ruɓewa ta lotsa, kuma ruwa ba ya manta tsohon makwancinsa.

Da marka ta kankama a watan Agusta, na shiga garejin wata safiya na tarar ramin kanikawa ya cika da ruwa har gwiwa, alhali rufi bai yi yoyo ko ɗigo ɗaya ba. Daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa, baƙi, mai wari, har da ledoji. Muka kwashe da inji, washegari ya dawo. Kafin ƙarshen Satumba daɓen kusurwar gabas ya tsage, na cusa mabuɗin motata a tsagar ya shige gaba ɗaya.

Awon da na ƙi yi tun farko sai da aka yi shi, sannan aka fasa daɓen, aka kwashe sharar har aka kai ƙasa mai tauri, aka cike da burji ana kirɓawa hawa-hawa, aka sake zuba kankare da rodi. Gyaran ya faɗo a watan Fabrairun 2024, daidai lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000, ga kuɗin dakon yashi da tsakuwa ya tashi tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Ofishin da muka tsara sai jingine shi aka yi.

Yanzu ba na yarda a haƙa ko taku ɗaya sai an yi awon ƙasa, kuma ina neman wanda ya ga filin a tsakiyar damina ya gaya mini inda ruwa yake kwanciya. Dattijon nan yana zuwa garejin kowace safiya ɗaukar baro, yana gaishe ni da ladabi, bai taɓa tayar da zancen ba.