Abin da aiki ya koya mana kan saita shokozobar babur ɗin ƙanƙara ga mahayi mai jiki

Baburan dusar ƙanƙara na hawan tsauni, irin su Ski-Doo Summit da Polaris RMK da ake tuƙawa a tsaunukan Revelstoke na Kanada da Cooke City ta jihar Montana a Amurka, matsakaicin mutum kamfani ke yi wa saitinsu. Idan mai kilo 110 ko 120 ya hau, ga jakar baya da shebur, ga jarkar fetur ɗaure a baya, sai gindin babur ya zauna, kansa ya ɗaga. Daga nan duk matsalar take farawa, shi ya sa daga baya ake fara gyara, ba daga gaba ba.

Babur ɗin yana tsaye ne a kan allunan zamiya biyu a gaba, kowanne da shokozobarsa, sai dogon bel mai haƙora a ƙasa irin na katafila. Cikin bel ɗin akwai shokozobar tsakiya da ta baya, da madaurin da ke hana hannun ƙarfe na gaba, wanda ke haɗa bel da jikin babur, miƙewa fiye da kima.

Kafin a taɓa sifana, a ɗauki tef. A ajiye babur a ƙasa mai daidai, a kakkaɓe ƙanƙarar da ta daskare a cikin bel, domin ita ma nauyi ce. A ɗaga bayan har shokozoba ta miƙe gaba ɗaya, a auna daga bamba zuwa ƙasa. Sannan mahayi ya hau da duk kayan da zai fita da su, ya tsaya yadda yake tsayawa a kan tsauni, wani ya sake aunawa. Bambancin awon biyu shi ne zaman babur. Yawanci tsakanin santimita 5 zuwa 10 ake nema, gwargwadon samfurin, kuma littafin babur ne ke da ainihin adadin. Mai jiki sau da yawa yakan zarce haka nesa.

Ana gyara zaman ne ta sifirin, wato ƙarfen da ke lotsawa ya dawo. Idan babur mai sifirin murɗaɗɗe ne, akwai ɗan mataki hagu da dama da ake juyawa don ɗaure shi. A ƙara ɗaya a hagu, ɗaya a dama, kada a bar gefe guda ya fi ɗaya tsauri. Idan sifirin ɗin zagaye yake da shokozoba, zoben da ke ƙarƙashinsa ake ɗaurewa kaɗan-kaɗan, ana sake awo.

Nan ne mutane da yawa ke ɓata kuɗi da lokaci. Ɗaure sifirin yana ɗaga babur ne kawai, ba ya ƙara wa ƙarfen ƙarfi. Mutum zai ɗaure har ƙarshe, awo ya fito daidai, amma da ya faɗa rami shokozoba ta buga ƙasa, a ƙananan gargada kuma babur ya riƙa dukan gwiwarsa. Duk wanda ya kai matakin ƙarshe bai samu biyan buƙata ba, sifirin mai kauri yake buƙata. Shi kuma sabon sifirin yakan dawo da ƙarfi fiye da yadda man shokozoba zai iya riƙewa, don haka a kai wa makanike ya sauya saitin bawul na ciki, ya zuba sabon mai, ya cika naitirojin.

A cikin ƙanƙara mai zurfi ne ake gane ko bayan ya yi laushi. Da an murɗa totur a hawa, nauyi ya koma baya, alluna su tashi sama, bel ya shiga tonon rami maimakon ya hau kan ƙanƙara, sai babur ya nutse. Fito da shi kuwa a wurin da iska ba ta da yawa aiki ne mai cin numfashi. Ƙarfafa shokozobar baya kan rage wannan sosai. Idan bai isa ba, a gajarta madaurin nan da huda ɗaya: alluna za su zauna, amma kan babur zai yi nauyi a hannu. Bayan taɓa madauri a duba ɗaurin bel. Ita shokozobar tsakiya a yi hattara da ita, domin yawan ɗaure ta na sauƙaƙa juya kai amma yana ƙara tonon ramin.

Shokozobobin gaba ba su cika buƙatar abu mai yawa ba. A ƙara musu ɗauri kaɗan idan kan babur na nutsewa a gangara. Idan suka yi tauri, kwantar da babur a kan allo ɗaya don ratsa gefen tsauni zai yi wuya.

Masu shokozobar iska irin Fox Float su lura da sanyi. Iskar da aka buga a gareji mai digiri 20 za ta ragu da kusan kashi 14 cikin 100 idan aka fita waje a digiri 20 ƙasa da sifili. A buga ta a cikin sanyin, babur a ɗage, a riƙa ƙara psi 5 (psi ma'aunin matsin iska ne) a lokaci guda.

Gwaji kuma a wurin hawa guda ake maimaita shi, bayan shokozoba ta ɗumama. A sauya abu ɗaya, a rubuta a takarda, a hau, a dawo. Ranar da aka ƙara jarkar fetur ko aka sauke ta, sai a sake ɗauko tef.