Kulle Saitin Waya Ba Aikin Manhajar Kyauta Ba Ne

Da gyaran waya muka buɗe shago a nan Sakkwato, amma yanzu abin da ya fi kawo mana mutane shi ne kulle saiti. Mai makarantar Islamiyya a Mabera ya sayo wa ɗalibai allunan karatu, mai rarraba kaya daga Babbar Kasuwa zuwa Illela da Bodinga ya ba yaransa wayoyin rubuta ciniki, kuma kukansu ɗaya ne. Yaro ya shiga saiti ya kunna hotsifot ya rabar da data ga abokai, ko ya kashe wurin da ke nuna inda yake, ko ya mayar da agogo baya don a ce ya iso kan lokaci. Wani ma ya goge wayar ɗungurungum ya ce ita ta yi da kanta.

Abin da nake fara gaya wa kowa: manhajar da ka sauke daga Play Store ba ta da ikon hana mutum shiga saiti. Da gangan aka gina Android haka, don kada wata muguwar manhaja ta ƙwace wa mai waya wayarsa. Masu kwaikwayon aikinmu sun san wannan sarai, amma sai su saka maka manhajar kulle ta kyauta, su karɓi kuɗinka. Ita kuwa jira take a buɗe saiti ta yi wuf ta rufe fuskar wayar da neman lambar sirri. Kwaɗo ne a ƙofar gidan da katangarsa zana ce. Yaro ya tayar da wayar a yanayin kariya, inda duk manhajar da aka sauke ba ta tashi, ya cire ta hankali kwance. Wasu wayoyin masu araha ma su ke kashe ta da kansu don tattalin batir.

Mu ta tushe muke bi. Tun Android 5.0 na 2014 akwai matsayin da ake ba manhaja ɗaya tak na mai mallakar na'ura, kuma ba a samunsa sai wayar tana sabuwa ko an goge ta tas. Daga Android 7.0 na 2016 abin ya yi sauƙi: ka taɓa fuskar maraba sau 6, kyamara ta buɗe, ka nuna mata lambar QR da muka shirya. Daga nan umarni daga cikin tsarin wayar yake fitowa. Mu hana gogewa, mu hana hotsifot, mu toshe yanayin kariyar nan, mu rufe hanyar haɗa ta da kwamfuta a yi mata kutse. Hana taɓa saitin kwanan wata da agogo gaba ɗaya sai daga Android 9, shi ya sa nake duba wayar kafin in yi alkawari. In ana so, mu tsayar da ita kan manhaja ɗaya, ko labulen sanarwa na sama ba zai sauko ba.

Wannan natsuwar a wurin maigidana na koya, a Farm Centre ta Kano, zamanin da Nokia ke tashe muna fama da filashin, wato sake zuba wa waya tsarin aikinta. Ba ya barin waya ta fita sai ya miƙa wa ƙaramin yaron shago ya ce, "Ɓata min ita." In yaron ya samu kafa, aiki ya dawo sabo. Allah ya saka masa da alheri. Har yau haka nake yi, kuma yaran yanzu sun fi na da iya shige-shige.

Sai kuma ciniki. Alhaji zai zauna ya ce, "Haba Malam, wagga 'yar danne-danne ce zan biya haka? Can baya an yi min rabin kuɗin." Nakan ce, "Ranka ya daɗe, da na can bayan ya riƙe, ai da ba mu ga juna ba yau." A yi dariya, ya ƙara neman ragi.

Masu iPhone hanyarsu daban ce, sai an sa wayar ƙarƙashin kulawa ta manhajar kwamfuta mai suna Apple Configurator, ita ma da gogewa. Iyaye masu son taƙaita wa yara kuwa ba sai sun biya ni ba, Family Link na Google kyauta ne, nakan nuna musu a tsaye. Wanda ba na karɓa shi ne mai kawo wayar matarsa ko ta wani baligi a ɓoye. Wayar kamfani ko ta makaranta muke kullewa, ma'aikaci kuma ya san an kulle.

Mai zuwa ya kwashe hotuna da lambobinsa tun daga gida, ya taho da rasit, ya kuma rubuto abin da yake so a bar wa yaransa a buɗe. Da yawa sai an gama suke tuna cewa direba na buƙatar Bluetooth don na'urar buga rasit.